Modem a reshe, manhaja a hedikwata: yadda fayil ɗin albashi ya rasa hanyar fita

Tsakanin 2003 da 2005, ƙananan kamfanoni da dama a Ingila sun tsinci kansu a tsaka mai wuya. Windows Server 2003 ya fito a watan Afrilun 2003, ana ta kwashe manhajojin ofis daga kwamfutocin ma'aikata ana tara su a uwar garke guda, wato babbar kwamfutar da ke yi wa saura hidima, kowa ya riƙa shiga daga nesa ta Remote Desktop, hanyar da ke nuna wa mutum allon wata kwamfuta a kan tasa. Amma tura umarnin biyan albashi zuwa BACS, tsarin da bankunan ƙasar ke zagaya kuɗi da shi daga asusu zuwa asusu, a wurare da yawa har lokacin da modem, na'urar da ke aika bayanan kwamfuta a matsayin sauti, da layin tarho ake yi, ta hanyar da ake kira BACSTEL. Lamarin da zan baje a nan ya sha faruwa a wannan tsakani, kuma siffarsa kusan ɗaya ce ko'ina.

A ce kamfani yana da hedikwata a Landan da reshe a Manchesta. Akawun albashi a reshe take zaune. A kan teburinta akwai kwamfuta mai Windows XP, da modem na waje da aka haɗa da kafar COM1, wato soket ɗin da ke bayan kwamfutar, da igiyar tarho da ta shiga bango. Shekara da shekaru haka take aiki: ta kammala lissafi, manhaja ta fitar da fayil, ta danna maɓallin turawa, modem ya yi kukansa, fayil ya tafi. Sai aka mayar da manhajar albashi da ta turawa can uwar garken Landan. Yanzu abin da take gani a allonta hoto ne kawai na abin da ke gudana a wata kwamfuta mai nisan kusan kilomita 300. Modem kuwa yana nan inda yake.

Lokaci ba ya jira a wannan aiki. BACS yana tafiya ne a kwanakin aiki uku: ranar farko a shigar da fayil, ta biyu bankuna su sarrafa, ta uku kuɗi su faɗa asusu. Wanda yake so ma'aikata su ga albashi ranar Juma'a dole fayil ɗinsa ya shiga ranar Laraba. Idan Laraba ta kuɓuce, mutanen da ba su san komai game da kafar COM ba su ne za su kwana da damuwar kuɗin haya. Shi ya sa nake ganin wannan matsala ta wuce wasan masu kwamfuta.

Alamar farko mai sauƙi ce: akawu ta buɗe manhajar turawa, jerin da ya kamata ya nuna modem babu komai a ciki.

Ma'aikacin kwamfuta na kamfanin ya san cewa tun RDP 5.1, sigar Remote Desktop da ta zo da Windows XP a 2001, ana iya miƙa kafofin COM na kwamfutar gida zuwa cikin zaman nesa, wato fagen aikin da uwar garke ke buɗe wa kowane mai shiga. Ya buɗe mstsc, manhajar shiga Remote Desktop, a kwamfutar akawu, ya shiga shafin Local Resources, ya yi wa Serial ports alama. Ya koma uwar garke ya duba saitin RDP-Tcp a Terminal Services Configuration, ya tabbatar ba a hana miƙa kafofin COM ba, ya kuma duba dokokin Group Policy don kada wata doka ta danne saitin ta bayan fage. Akawu ta fita ta sake shiga, domin miƙawar a lokacin shiga take kafuwa. A cikin zamanta ya rubuta change port /query, umarnin da ke jero kafofin da zaman ke gani, sai ga COM1 yana nuni zuwa wata hanya mai ɗauke da RdpDrPort da tsclient. Ke nan kafar reshe ta iso Landan.

Daga nan ya buɗe HyperTerminal, manhajar da ake rubuta wa modem umarni kai tsaye, a cikin zaman, ya zaɓi haɗuwa kai tsaye da COM1. Akawu tana riƙe da waya tana faɗa masa abin da take gani a gaban modem. Yana buɗe kafar, fitilar TR, mai nuna kwamfuta ta shirya, ta kama. Ya rubuta AT, umarnin gwada ko modem na ji, ya danna Enter, fitilun aikawa da karɓa, SD da RD, suka ƙifta, amsa ta dawo: OK. Ya rubuta umarnin buga lamba, ATDT9 da waƙafi, sannan lambar wayarsa ta hannu, tara don a fita daga akwatin wayoyin ofis, waƙafi don modem ya ɗan dakata daƙiƙa biyu kafin ya ci gaba. Fitilar OH, mai nuna modem ya ɗauki layi, ta kama, akawu ta ji ƙarar layi da bugun lambobi daga ƙaramin lasifikan modem, wayarsa ta yi ringi a aljihu. Duk wanda ya kai wannan mataki sai ya ɗauka aiki ya ƙare.

Amma jerin manhajar turawa yana nan wayam.

Ya ce to, ai ba a girka modem a uwar garke ba tukuna. Ya shiga Phone and Modem Options, ya nemi ƙara sabo. Binciken da Windows ya yi da kansa bai ga komai ba. Ya zaɓi samfurin da hannu daga jeri, aka nuna masa COM1 da COM2, ya zaɓi COM1. Modem ya bayyana a jeri, manhajar turawa ma ta gan shi. Akawu ta danna turawa, babu fitilar da ta motsa a Manchesta. Da ya gwada da haɗin Dial-up na Windows, sai kuskure mai lamba 692 ya fito, wanda ke cewa na'urar ta samu matsala. Wannan saƙo ya sha sa mutane sayen sabon modem da sabuwar igiya alhali babu abin da ya samu tsofaffin.

Inda gizo ke saƙa

COM1 da ya gani a jerin girkawa ba shi ne COM1 da HyperTerminal ya buɗe ba. Na jerin girkawa shi ne soket ɗin da ke bayan uwar garke a Landan, wanda babu abin da aka soka masa. Na HyperTerminal kuwa suna ne da Windows ya ƙirƙira don zaman akawu kaɗai, ya ɗora shi a kan na asali, ta yadda duk manhajar da ke gudana a cikin wannan zaman idan ta nemi COM1 za a kai ta reshe. Wani ma'aikacin da ke zaune a wani zaman daban, idan ya nemi COM1, wani abu daban zai samu. Kafar da aka miƙo ba ta shiga Device Manager, ba ta da rajista a matsayin na'urar uwar garke, kuma tana ɓacewa da zarar zaman ya yanke.

Wannan tsari yana da dalilinsa, kuma dalilin mai kyau ne. Uwar garke guda tana ɗauke da mutane da yawa a lokaci ɗaya, kowa da nasa COM1. Da kafar kowa a fili take ga kowa, da wani zai iya buga waya da layin wani, ko ya karanta abin da ke fitowa daga na'urar wani.

To me ya sa HyperTerminal ya yi aiki, manhajar turawa ta ƙi? Domin ba hanya ɗaya suke bi ba. HyperTerminal, idan aka ce masa ya haɗu kai tsaye, da kansa yake buɗe kafar, kuma yana cikin zaman akawu, don haka yana ganin abin da zaman ke gani. Manhajar turawa kuwa ba ta taɓa kafar da hannunta. TAPI take roƙo ya buga mata lamba. TAPI hidima ce ta Windows da ke gudana a bayan fage tun kafin kowa ya shiga, a zama mai lamba 0, ba a zaman akawu ba, kuma ɓangarensa da ke kula da modem, Unimodem, da na'urorin da aka yi wa rajista a kwamfutar yake aiki. Haka hidimar da ke kula da haɗin Dial-up, haka ta fas (fax). Lamarin ya yi kama da baƙon da ya sauka a masauki da wayarsa a jaka: shi yana iya amfani da ita a ɗakinsa, amma idan ya aiki yaron masauki ya buga masa waya, yaron wayar gidan zai nufa, domin ita ya sani.

Da an fara da tambaya guda, da an huta da kwanakin wahala: wa ke buɗe kafar, manhajar da kanta ko wata hidimar Windows a madadinta? Ana gane amsar daga shafin saitin manhajar. Idan tana neman lambar COM, da gudun layi, da jimlar AT ta farawa, to da kanta take yi. Idan sunan modem take nema daga jeri, ta TAPI take bi, kuma miƙa kafa ta Remote Desktop ba zai kai ta ko'ina ba, komai yawan alamar da aka yi a akwatuna.

Hanyoyin da aka bi

Wasu manhajojin na wancan zamani suna da tsohon saiti na magana da kafa kai tsaye, gadon zamanin DOS. Inda aka samu wannan, kira yana fita. Sai dai wata matsalar ta biyo baya, ta jinkiri. Ba girman fayil ba ne abin damuwa. A tsarin Standard 18 na BACS kowane layin biya haruffa 100 ne, don haka albashin mutum 200 bai wuce haruffa dubu ashirin da 'yan kai ba, abin da ko a gudun bit 9,600 a daƙiƙa ba ya kai rabin minti. Damuwar ita ce kowane karatu, kowane rubutu, kowace tambaya game da halin layi, sai ta taso daga Landan ta je Manchesta ta dawo. Manhajar da aka rubuta da zaton modem yana ƙarshen igiya mai tsawon mita biyu tana jiran amsa cikin ƙiftawar ido. A kan ADSL, intanet ɗin layin tarho na lokacin, wanda yawanci kilobit 512 ne a daƙiƙa saukowa da 256 hawa, ya isa wani a reshe ya aika babbar takarda zuwa firinta ta wannan layin, amsar modem ta makara, manhaja ta ɗauka layi ya mutu. Hatta alamar +++ da ake mayar da modem yanayin karɓar umarni da ita tana buƙatar shirun daƙiƙa ɗaya gabanta da bayanta, kuma layin da ke tara bayanai ya sako su a dunƙule yana iya ɓata wannan shiru.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wannan hanya shi ne yankewar zama ana tsakiyar turawa. Intanet ɗin reshe ya ɗan yi tuntuɓe, kafar ta ɓace daga hannun manhaja, akawu ba ta san ko fayil ya shiga ko bai shiga ba. Idan ta sake turawa ba tare da ta tabbatar daga ɗaya ɓangaren ba, ana iya biyan mutane sau biyu, kuma dawo da kuɗin da suka riga suka shiga asusun ma'aikaci ba ƙaramin aiki ba ne. Hanyar da ke aiki sau tara ta ci amana a na goma ba ta dace da albashi ba.

Abin da ya ceci Larabar farko dabara ce mai sauƙi. Aka mayar da manhajar turawa kan kwamfutar akawu inda take tun asali, aka bar ta lissafi a uwar garke. Remote Desktop yana miƙa faifan kwamfutar gida shi ma, ana ganinsa a cikin zama da sunan \\tsclient\C. Akawu ta fitar da fayil a can, ta ajiye shi a wata folda a nan, ta sauke tagar zaman, ta tura da modem kamar yadda ta saba. Albashi ya shiga ranar Juma'a.

Na yarda da wannan a matsayin mafita ta gaggawa, amma ban yarda a zauna a kanta ba. Fayil ɗin rubutu ne tsantsa, mai ɗauke da sunaye da lambobin asusu da adadin kuɗin kowa. Yana kwance a kwamfutar reshe da ba a kulle ta kamar uwar garke ba, kuma tsakanin fitar da shi da tura shi duk wanda ya zauna a kujerar zai iya buɗe shi da Notepad ya sauya lambar asusu guda. Ɗaya daga cikin dalilan tara komai a hedikwata shi ne a toshe irin wannan ɓaraka, ga shi an sake buɗe ta da hannu. Inda dole a yi hakan na ɗan lokaci, sai a taƙaita masu izinin shiga foldar, a gwada jimlar kuɗi da yawan layuka da abin da manhajar lissafi ta nuna kafin a tura, a goge fayil ɗin bayan an tabbatar ya shiga.

Akwai wani tarko a nan ga waɗanda kiransu haɗin intanet ne ta modem, irin wanda ake kira PPP, ba kiran manhaja zuwa manhaja ba. A saitin haɗin Dial-up na Windows akwai akwatin Use default gateway on remote network, kuma da alamarsa yake zuwa. Da zarar kira ya haɗu, kwamfutar takan karkatar da zirga-zirgarta zuwa sabon layin, zaman nesa ya daskare nan take. Cire alamar, a ƙara hanya guda zuwa adireshin da ake nema kaɗai, shi ne maganinsa. Idan kuwa a uwar garke aka yi irin wannan kira, abin ya fi muni, domin jadawalin hanyoyi na kwamfutar ne gaba ɗaya, ba na zama ɗaya ba: mutum guda ya buga lamba, kowa ya faɗo.

Mafita ta dindindin iri biyu ce, kuma dukansu abu ɗaya suke yi, wato su sa modem ya zama na'urar uwar garke ta gaskiya.

Ta farko ita ce a ɗauki modem a kai shi Landan a soka a bayan uwar garke. A ganina ita ta fi, domin babu intanet tsakanin manhaja da modem, kuma ko zaman akawu ya yanke, turawa na ci gaba, ta dawo ta tarar da sakamako. Abin da ke hana mutane shi ne layi. Ɗakin uwar garke sau da yawa ba shi da layin tarho na gargajiya, sai rassan akwatin wayoyin ofis na dijital, waɗanda modem ba ya aiki da su, wasu ma suna iya lalata shi. Jawo sabon layi yana cin kuɗi da makonni. Sannan akawu ta rasa kunnenta da idonta: ba ta jin ko layi a cike yake, ba ta ganin fitilar CD mai nuna kira ya haɗu, kuma idan modem ya maƙale sai ta nemi wanda zai kashe ya kunna mata a wani gari. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne ga wadda ta saba gane lafiyar kira daga sautinsa.

Ta biyu ita ce ƙaramin akwatin da ke ɗora kafar COM a kan hanyar sadarwa, irin su PortServer na Digi ko NPort na Moxa. Ana ajiye shi a reshe, modem a gefe ɗaya, igiyar Ethernet a ɗayan. A uwar garke sai a girka direbansa, wanda ke ƙirƙirar kafa, a ce COM5, ta kwamfutar baki ɗaya. Wannan kafar tana cikin Device Manager, tana nan ko da wanda ya shiga ko babu, don haka ana girka modem a kanta, TAPI ya gan shi, manhajar turawa ta gan shi. Akwai ma ƙa'idar da kowa zai iya bi don irin wannan aiki, RFC 2217 ta 1997, wadda ke ɗaukar saitin gudu da alamomin layi ta kan Telnet. Jinkirin hanya bai tafi ba, amma waɗannan direbobi don shi aka gina su, kuma kafar ba ta rataye a wuyan zaman kowa. Kamfanin da muke magana a kai nan ya tsaya, domin layin Manchesta yana nan, akawu kuma ta ci gaba da ganin fitilunta.

Sharaɗi biyu ne ba a sassauta su a wannan hanya. Kafar ta zama ta kowa a uwar garke, don haka dole a taƙaita wa ke iya buɗe manhajar turawa. Kuma akwatin ya zauna a cikin VPN, rufaffiyar hanyar da ke tsakanin reshe da hedikwata, kada a buɗe masa ƙofa ta intanet don sauƙi. A 2013 binciken HD Moore na kamfanin Rapid7 ya gano irin waɗannan akwatuna sama da dubu 100 a buɗe a intanet, da yawa ba tare da wani tsaro na kirki ba.

A ƙarshen 2005 aka kammala ƙaura daga BACSTEL zuwa Bacstel-IP, wanda ke bi ta intanet da katin shaida mai guntun lantarki, modem ɗin albashi ya koma cikin durowa. Sauran na'urorin da ake kira ta layin tarho a ƙasar, irin su akwatunan ƙararrawar tsaro, su ma wa'adinsu ya matso, tunda an tsayar da ƙarshen Janairun 2027 don rufe tsohon layin. Layin da ya maye gurbinsa murya yake ɗauka ta intanet, kuma matse sauti irin na G.729 yana wargaza kukan modem.

Tsarin Windows ɗin kuwa bai sauya ba, kuma a nan ne lamarin ya shafe mu. Modem na USB mai ɗaukar layin SIM, wanda ya cika ofisoshi da shagunan kwamfuta a Najeriya da Nijar a zamanin 3G, a idon Windows modem ne irin na da. Yana fitar da kafofin COM, yana jin umarnin AT, kuma haɗinsa da intanet kira ne zuwa *99#. Wanda ke da manhajar tura saƙonnin tes a uwar garke, modem kuma yana jikin kwamfutarsa, zai ci karo da wannan rabuwar. Idan manhajar da kanta take buɗe kafa tana aika AT+CMGF=1 da AT+CMGS, miƙa kafa ta Remote Desktop zai iya yi masa aiki, muddin ya rufe manhajar kamfanin layin da ke zuwa da modem ɗin, domin kafar COM ba ta buɗuwa ga manhaja biyu a lokaci guda. Idan kuwa hidima ce da ke tashi da kwamfuta tana aiki a bayan fage, ba za ta ga kafar ba, ko da change port ya nuna ta a zamansa. Tun 2011 akwai miƙa na'urar USB ɗungurungum ta RemoteFX, amma wannan yana ɗauke na'urar daga kwamfutar gida gaba ɗaya. Idan da wannan modem ɗin mutum yake hawa intanet ya kai ga uwar garken, miƙa shi yana yanke zaman da aka miƙa shi a ciki.